Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Iyayen Ƙasa da Hakiman Sakkwato Kan Masu Neman Nikel da Jan Ƙarfe

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. 'Yan majalisarsa, iyayen ƙasa, hakimai da masu unguwanni na ƙananan hukumomi 23 na jiharmu, ranku ya daɗe. Ɗanku ne ke gaisuwa, yana kuma neman afuwa, domin maganar da ya kamata a kai zaure a durƙushe, ga shi na shimfiɗa ta a bainar jama'a. Abin da ya sa, ba ta fada ɗaya ba ce, kuma manomi da makiyayin da za ta faɗa wa su ma suna da haƙƙin jin ta.

A kan takarda guda nake magana. Duk kamfanin da ke son lasisin binciken ma'adinai a ƙasar nan Abuja yake zuwa, ofishin rajistar filayen ma'adinai, saboda tsarin mulki ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Gwamna kansa ba ya ba da wannan lasisi, balle uban ƙasa. Sai dai dokar ma'adinai ta 2007 ta bar wa mutanen wuri ƙofa ɗaya: mai neman lasisi sai ya haɗa da shaidar cewa masu filin, ko waɗanda ke zaune a kansa, sun amince. A aikace kuwa kowa ya san inda ake zuwa neman wannan shaida. Fadarku ake zuwa, da ɗan jagora ɗan gari, da takarda cikin Turanci wadda aka riga aka buga, saura sa hannu da hatimi. Roƙona shi ne ku san nauyin hannun nan kafin ku sa shi, don a ranar ce kaɗai kamfani ke bukatarku fiye da yadda kuke bukatarsa.

Wanda baƙin ba su iso masa ba tukuna, suna tafe. Duniya ta shiga farautar wasu ƙarafa. Motar da ke tafiya da batir, farantin hasken rana, manyan layukan wuta, duka jan ƙarfe suke ci, wasu batiran kuma sai da nikel, ko da yake har gobe wajen kashi biyu cikin uku na nikel ɗin duniya a ƙarfen da ba ya tsatsa yake ƙarewa, irin na cokula da tukwanen zamani. Darajar jan ƙarfe kam ba sai an yi wa kowa bayani ba. 'Yan gwangwan sun san ta, masu kwance wayar taransifoma da dare ma sun san ta. Litiyam, wani ƙarfen batir, ya riga ya ja mutane zuwa Ngaski a Jihar Kebbi, da kuma Nasarawa. A 2016 wani kamfani mai alaƙa da Ostareliya, Comet Minerals, ya ba da sanarwar ganin nikel a Dangoma, kudancin Jihar Kaduna, jaridu suka ɗauka kamar gobe za a fara lodi. Shekaru sun shuɗe, mahaƙa ba ta tashi ba.

Kafin a shiga maganar baƙi, mu san abin da muke takawa. Mafi yawan ƙasar jiharmu shimfiɗar tsohon teku ce. Miliyoyin shekaru da suka wuce ruwan teku ya ratso Sahara ya kwanta a nan, ya bar laka da yashi da ɓawon halittun ruwa, hawa kan hawa. Da sunayen garuruwanmu masana ilmin ƙasa ke kiran waɗannan hawa-hawan: Gundumi, Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gwandu. Har akwai wata dabbar teku da aka tono ƙasusuwanta a wannan yanki, wadda duniyar kimiyya ke kira Goronyosaurus. Irin wannan ƙasa dutsen siminti take bayarwa, shi ya sa aka kafa kamfanin siminti na Kalambaina a 1962 ya fara aiki a 1967. Tana ba da fosfet na takin zamani a wajajen Dange da Shuni, da jipsam, da farar ƙasa, da yumɓu.

Nikel da jan ƙarfe irin waɗanda ake haƙa a arewacin Kanada da Rasha kuwa gidansu daban ne. Baƙin dutse ne mai nauyi wanda ya taso a narke daga can cikin ƙasa, ya gauraya da farar wuta, ƙarafan suka tattaru suka kwanta a gindinsa kafin ya sandare. Tsohon dutsen da za a iya sa ran irin wannan a cikinsa sai an nausa kudu da gabas, wajen Zamfara da kudancin Kebbi, yake fitowa fili. A sauran ƙasarmu yana binne ƙarƙashin shimfiɗar tekun, yana ƙara nisa yayin da ake yin arewa maso yamma. Saboda haka wanda ya sauka Wamakko ko Kware ya ce nikel ya zo nema, a tambaye shi taswirar da ta kawo shi.

Ban ce ƙasar laka da yashi ba ta riƙe jan ƙarfe ba. Na Zambiya a irinta yake. Kusa da mu ma akwai Takedda, wadda masana ke danganta kufanta da Azelik a yankin Agadas. Da Ibn Battuta ya biyo ta a 1353 ya tarar ana tono jan ƙarfe ana narkawa a gidaje, ana zuba shi sanda-sanda, da shi ake cefane, ana kuma kai shi Gobir da Barno. Kakanninmu sun yi cinikin wannan ƙarfe tun Bature bai san hanyar nan ba. Abin da nake cewa shi ne kowane ma'adini da irin ƙasarsa, kuma mai bincike na gaskiya ba ya jin haushin a tambaye shi dalili. Ya ma fi kowa son bayani.

Tambayar tana da amfani saboda ba duk mai riƙe da lasisi ne mai bincike ba. Akwai wanda ke rubuta wani ma'adini a takarda alhali zinariya ce a ransa. Akwai wanda ba shi da injin ko ɗaya, sana'arsa kama fili a taswira ya zauna a kai har mai kuɗi ya zo ya saya. Ma'aikatar ma'adinai da kanta ta san da su: a Nuwamban 2023 minista Dele Alake ya soke lasisi 1,633 na waɗanda ba su biyan kuɗin shekara, a Afrilun 2024 ya ƙara soke 924 na waɗanda suka kama wuri suka kwanta. Kowane ɗaya cikin waɗannan, a wani gari ne wani ya amince masa. Kuma filin ba ƙarami ba ne. Lasisin bincike guda na iya kai murabba'in kilomita 200, wato kusan kilomita 14 tsawo da 14 faɗi, na shekara uku, ana iya sabunta shi sau biyu, shekara bibbiyu. Ku ƙiyasta ƙauyuka nawa, gonaki nawa, rijiyoyi nawa ke cikin wannan a ƙasar kowannenku.

Bincike daban, haƙa daban, kuma a nan mutanenmu suka fi ruɗewa. Mai bincike daga sama yake farawa. Jirgi mai saukar ungulu ya yi ta kai da komo ƙasa-ƙasa a kan layi, yana jaye da na'urar da ke auna maganaɗisun duwatsu da yadda lantarki ke ratsa su, domin dutsen da ke ɗauke da nikel da jan ƙarfe ya fi na kusa da shi amsa wa na'urar. Gwamnatin Tarayya ta taɓa yin awon maganaɗisu ta sama a faɗin ƙasar nan, sakamakon yana hannun hukumar binciken ƙasa ta tarayya. Daga nan sai a sauko a bi rafuka da tuddai ana ɗibar ƙasa da yashi a ƙananan ledoji ana kai wa ɗakin gwaji. In an ga alama, a yanka dogayen ramuka. In alamar ta yi ƙarfi, a kawo injin huda mai baki da lu'ulu'u, wanda ke shiga ɗaruruwan mitoci yana fito da dutsen a mulmule kamar sandar rake. A tsaga shi biyu, rabi a gwada, rabi a adana. Huda ɗaya ba ta faɗin komai. Sai an yi gommai ko ɗaruruwa kafin a iya cewa ga yawan abin da ke kwance, ga kason ƙarfen da ke ciki, kuma ko zai biya kuɗin hanya da wuta da ruwa. Galibin wuraren da ake bincikawa a duniya a nan labarinsu ke ƙarewa, a naɗe tanti a tafi. Ko inda aka dace ma tafiyar da sauranta. A arewacin lardin Ontario na Kanada an gano nikel da jan ƙarfe masu kyau a 2007 cikin wani dausayi mai nisa da mota ba ta zuwa. Har yau maganar hanya ake yi, ba a fara haƙa ba.

Ƙananan kamfanonin da ke irin wannan aiki galibi ba su da abin sayarwa sai labari. Da shi suke tara kuɗi a kasuwannin hannun jari na Toronto da Ostareliya. A 1969 wani ƙaramin kamfani, Poseidon, ya ce ya ga nikel a Windarra, yammacin Ostareliya. Hannun jarinsa da bai kai dala ɗaya ba ya kai dala 280 cikin 'yan watanni, sannan ya rikito. Nikel ɗin yana nan, sai dai bai kai yadda aka zuzuta ba. To, hoton uban ƙasa da rawaninsa yana musabaha da baƙo shi ma labari ne, kuma yana da farashi a can. Kada a ba da shi arha.

Yanzu ga labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. A 1993 wasu masu bincike biyu, Albert Chislett da Chris Verbiski, suna shawagi a arewacin Labrador, gabashin Kanada, ƙasar ƙanƙara wadda babu titin da ya isa gare ta. Kamfanin da ya tura su lu'ulu'u ya fi damunsa. Daga sama suka hango wani tudu mai launin tsatsa, suka sauka suka fasa dutsen, sai ga jan ƙarfe da nikel. Wurin shi ne Voisey's Bay. Da aka huda, babban curin da aka samu yana da nikel kusan kashi 3 cikin 100, wanda a wannan sana'a dukiya ce mai yawa. A 1996 kamfanin Inco ya saye wurin a kan dalar Kanada biliyan 4.3, da niyyar fara aiki nan da nan. Sai dai ƙasar tana da masu ita, al'ummomin Innu da Inuit, mafarauta da masunta, 'yan dubbai kaɗan. A farkon 1995 Innu suka je sansanin masu binciken suka ce a tashi, aka yi kwanaki ana kallon-kallo da 'yan sanda. A 1997 al'ummomin biyu suka tsaya a gaban aikin hanya da filin jirgi, kotu ta dakatar da aikin har sai an kammala nazarin muhalli. Gwamnatin lardin ita ma ta kafe sai an tace ƙarfen a cikin lardinta. Sai a 2002 aka ƙulla yarjejeniya, bayan mutanen sun kaɗa mata ƙuri'a, aka fara fitar da ma'adini a 2005. Shekara 12 daga ranar da aka ga tudun, kuma kamfanin bai gudu ba. Kamfanin da ya ga dukiya ta gaskiya ba ya gudu don an ce ya zauna a yi magana.

Abin da ya fi burge ni a yarjejeniyar ba kuɗin ba ne, maganar hanya ce. Da hunturu teku kan daskare a can, mutanen su mayar da ƙanƙarar hanyarsu ta farauta da ziyara. Jirgin ruwan da ke kwasar ma'adini kuwa sai ya fasa ƙanƙarar zai wuce, ya yanke musu hanya. Aka rubuta cewa akwai lokutan da jirgin ba zai shigo ba sam, kuma in ya wuce za a sa alamomi a kuma gitta gadoji a kan tsagar domin jama'a su ƙetare. Ranku ya daɗe, wannan maganar burtali ce. In mutanen da ba su kai yawan gunduma guda a ƙasarmu ba sun iya sa babban kamfani ya rubuta musu hanyarsu a takarda, me zai hana a rubuta burtali, mashaya da makiyaya a tamu tun kafin injin farko ya shigo?

A arewacin lardin Kebek na Kanada ma haka aka yi, tun kafin wancan. An san da nikel a yankin Raglan tun wajen shekarun 1930, nisa da sanyi suka hana taɓa shi. Da kamfanin Falconbridge ya shirya, sai da ya zauna da ƙungiyar Makivik ta Inuit da ƙauyuka biyu, Salluit da Kangiqsujuaq, waɗanda duk mutanensu a haɗe ba su kai 3,000 ba. Aka sa hannu a 1995, aka fara aiki a 1997. An rubuta fifiko wajen ɗaukar ma'aikata da ba da kwangila, da kason riba na kashi 4.5 cikin 100, da kwamitin haɗin gwiwa mai bin diddigin alkawari. Ba aljanna ba ce, don har yanzu 'yan ƙasar ba su ne mafi yawa a ma'aikatan ba. Amma in an saɓa, akwai takardar da za a ɗauko.

Ɗaya gefen shi ne Norilsk, a can ƙuryar arewacin Rasha, ɗaya daga cikin manyan rumbunan nikel da jan ƙarfe na duniya. Fursunoni aka kwaso tun daga 1935 suka gina ta, ba wanda ya nemi yardar makiyaya da masuntan yankin. Hayaƙin farar wuta daga masana'antun narka ƙarfe ya ƙone dazuzzuka masu faɗi, ya sa birnin cikin wuraren da suka fi gurɓata a duniya. A ƙarshen Mayun 2020 wani tankin mai ya rufta, wajen tan 21,000 na man dizal ya malala cikin ƙasa da koguna, kotu ta ci kamfanin tarar biliyan 146 na rubul, kuɗin Rasha, a 2021. Kuɗin tarar kuwa baitulmalin gwamnati suka shiga. Ma'adinin Norilsk da na Raglan dangi ne, sanyinsu ɗaya. A Raglan an zauna da mutane kafin a fara, a Norilsk ba a zauna ba.

Na san za a ce Kanada daban, Najeriya daban, kuma gaskiya ne. Inuit na Kebek suna da yarjejeniyar ƙasa da gwamnati tun 1975, suna da kotunan da ke sauraronsu. Mu dokarmu ta fi karkata ga mai lasisi. Sashe na 22 na dokar 2007 ya fifita haƙar ma'adinai a kan kowane irin amfani da ƙasa, har ya ce in an ba da lasisin haƙa a kan filin da wani ke da haƙƙin mallaka, gwamna zai soke wannan haƙƙin cikin kwana 60. Wanda ke riƙe da lasisin bincike kuwa shi kaɗai ke da damar neman lasisin haƙa a cikin filinsa, na shekara 25. Yarjejeniyar raya al'umma da dokar ta wajabta, wadda ake sake dubawa duk shekara biyar, sai an zo matakin haƙa take hawa kan kamfani. A matakin bincike babu ita. Wannan rauni na doka shi ne dalilin da ya sa takardar farko ta fi nauyi a wurinmu fiye da yadda take a Kanada. Abin da ba a rubuta a ranar ba, daga baya roƙo zai koma.

Duk da haka dokar ba ta bar mu hannu rabbana ba. Ta hana ba da lasisi a kan gari, ƙauye, kasuwa, maƙabarta, wurin tarihi ko wuri mai alfarma, da abin da ke cikin mita 50 na madatsar ruwa ko hanyar gwamnati. Ta wajabta diyya kan amfanin gona, itatuwa da gine-gine. Ta kafa kwamitin ma'adinai da muhalli a kowace jiha. Amma ma'aikacin da ke zana murabba'i a kwamfuta a Abuja bai san inda kufan Alkalawa yake ba, bai san Degel ba, bai san Tabkin Kwatto ko ganuwar Surame ba, balle tsohuwar maƙabartar ƙauyen da ya tashi. Ku kuka sani. In ba ku nuna ba, ba mai nunawa.

Ba sai mun je ƙasar ƙanƙara neman darasi ba ma. Dattawa cikinku sun ga Bakolori. A lokacin yankin yana cikin Jihar Sakkwato. An zo da aikin madatsa da noman rani, aikin alheri a takarda, amma aka bar maganar gonaki da diyya a dunƙule har ta ruɓe. Manoma suka tare hanyoyi, a Afrilun 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka rasa rayuka. Aikin da aka yi don manoma ke nan.

Sannan 2010. A ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ƙauyuka irin su Dareta, Yargalma, Abare da Bagega, yara sama da 400 suka mutu da gubar dalma. Babu wani babban kamfani a wurin. Farashin zinariya ne ya tashi, magidanta suka riƙa kawo dutsen gida, ana daka shi a tsakar gida ana niƙa shi a injin niƙa, ƙurar ta bi abinci da hannun yara. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka shigo, aka kankare ƙasar gidaje aka sauya wata. A 2015 abin ya maimaita kansa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Na kawo wannan ne saboda ranar da aka ga farar mota da injin huda a bayan gari, ba a kwana biyu labari ya zaga kasuwanni cewa an ga arziki. Ko kamfanin ya tafi, samari za su shiga ramukan da ya bari da diga da shebur. Dutsen da ke ɗauke da jan ƙarfe sau da yawa yana tafe da dalma ko wata gubar, ido kuma ba ya rarrabewa. Ban da haka, dutse mai farar wuta in aka tono shi aka bar shi ga iska da ruwan sama, ruwa mai tsami yake fitarwa wanda ke wanko ƙarafa zuwa rafi. Gulbin Sakkwato, Gulbin Rima da Gulbin Zamfara duk daga ƙasar duwatsun gabas suke gangaro mana. Ko a Zamfara aka buɗe mahaƙa, mai albasa a Gwadabawa da mai shinkafa a Wurno da Goronyo suna da ta cewa.

Maganar tsaro ba ta bukatar dogon bayani ga mutanen da ke karɓar 'yan gudun hijira a ƙofar gidajensu. Gwamnatin Tarayya da kanta ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara daga Afrilun 2019 har Disamban 2024 saboda alaƙarta da 'yan bindiga. Halin da Isa, Sabon Birni, Tangaza da Gudu ke ciki kun fi ni sani. Duk wanda ya ce zai kafa sansani ya yi watanni lafiya a dajin da manomi ba ya iya zuwa gonarsa, a tambaye shi wa zai tsare shi, kuma wa zai biya.

Ba zan koya wa gidan Shehu karatu ba, tuni kawai nake yi. A mazhabarmu ta Malikiyya al'amarin ma'adini yana hannun shugaba, ya sarrafa shi don maslahar jama'a. Kuma kun san hadisin Abyad ɗan Hammal, wanda ya roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka masa wurin gishirin Ma'arib, ya yanka masa. Da aka sanar da shi cewa wurin tamkar ruwa ne mai ɓuɓɓuga wanda ba ya yankewa, sai ya karɓe kyautar. Annabi yana da ikon janyewa. Ku in kun sa hannu takardar ta isa Abuja, janyewa sai an sha wuya.

Ba cewa nake ku kori kowa ba. Jiharmu na bukatar aikin yi, kuma sanin abin da ke ƙarƙashin ƙasarmu alheri ne ko da sakamakon ya zo babu. Abin da nake roƙo shi ne kada wani uban ƙasa ko hakimi ya sa hannu a zaman farko, ko shi kaɗai. A karɓi takardar, a fassara ta, a karanta ta a gaban jama'a ranar kasuwa ko bayan Juma'a, da Hausa, da Fulatanci ko Zabarmanci inda ake bukata. Dokar masu fili da mazauna fili ta ambata, saboda haka mai gonar gado, mai aro, mai jingina, matar da ke noma gayaunarta da Ardon rugar da ke wurin duk suna ciki. A sa kamfani ya taka iyakar filin da ƙafa tare da mutanen gari, don lambobin da ke jikin taswira ba su gaya wa kowa ko gonarsa na ciki. A ga takardar rajistar kamfanin, a san masu shi da sunansu, a san inda suka taɓa aiki.

Sharuɗɗan a rubuta su a jikin amincewar ko a wata takarda da aka ɗaure da ita, da shaidu. A gwada ruwan rijiyoyi da burtsatse kafin huda ta farko, garin ya riƙe kwafin sakamakon, don in ruwa ya canza gobe kada a ce dama haka yake. A faɗi inda injin zai sha ruwa, musamman da bazara. A yanke diyyar gero, dawa, wake, gawo, ɗorawa da kuka tun kafin mota ta taka gona. A rubuta wanda zai cike ramuka da lokacin da zai cike su, a kuma ajiye kuɗin wannan aiki a gefe tun farko, domin farashin nikel ba shi da amana. Ranar 8 ga Maris 2022 ya haura dala 100,000 kan tan ɗaya a kasuwar ƙarafa ta Landan har aka dakatar da ciniki. Bayan shekara biyu, da nikel ɗin Indonesiya ya cika kasuwa, kamfanin ma'adinai mai girman BHP ya dakatar da ayyukansa na nikel a yammacin Ostareliya. In farashi ya karye, ƙaramin kamfani ba sallama zai yi ba. Game da ambulan da akan ajiye a gefen shimfiɗa da sunan goro kuwa, kun fi ni sanin cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Wannan nauyi ya fi ƙarfin hakimi guda a ƙauyen da ko sabis ɗin waya babu. Shi ya sa roƙona na ƙarshe ga Majalisar Mai Alfarma yake. A ware wani ɗan ofishi a fada wanda duk takardar amincewa za ta biyo ta cikinsa kafin a sa mata hatimi, a riƙa shigar da ita rajista da sunan kamfani, ma'adinin da ya ce yana nema da iyakar filin. A nemi masanin ilmin ƙasa daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da lauya guda cikin 'ya'yan jihar nan su riƙa dubawa. A kuma nemi gwamnatin jiha ta karɓo daga Abuja jerin duk lasisin da ke kan ƙasar Sakkwato a yau, a raba wa kowane uban ƙasa na yankinsa, ya ga abin da aka riga aka zana a kansa.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya taya ku riƙo.

Wassalam,
Ɗanku, daga birnin Sakkwato.